Rigasa 2019: Abin da Iyaye Suka Saya a Gidan Mari

Ranar Alhamis, 26 ga Satumba 2019, 'yan sandan jihar Kaduna suka dirar wa wani gida a unguwar Rigasa, cikin ƙaramar hukumar Igabi, bayan an tsegunta musu abin da ke faruwa a bayan katangarsa. Rubutun da ke jikin ginin ya nuna makarantar addini ce. Da aka buɗe ɗakuna sai ga maza sama da 300 a cunkushe, manya da yara, wasu yaran shekarunsu ba su fi 5 ba. Da yawansu da mari a ƙafa, wasu an haɗa su da sarƙa, wasu kuma an ɗaure su jikin ƙarfen tayar mota. Gadon bayan wasu duk shatin bulala ne, sabo a kan tsoho. Akwai waɗanda suka shaida wa 'yan jarida cewa an sha rataye su, an hana su abinci, har da masu cewa an yi lalata da su. Kwamishinan 'yan sandan jihar na lokacin, Ali Janga, ya kira wurin gidan azabtarwa. An kama mutum 7, aka kwashe waɗanda aka fitar zuwa sansanin alhazai, aka yi shela iyaye su zo su ɗauki 'ya'yansu.

Daga nan sai abu ya zama kamar an buɗe bakin buhu. A tsakiyar Oktoba aka fitar da mutum 67 daga wani gida irinsa a Daura, mahaifar shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari. Bayan kwana biyu aka fasa wani a cikin birnin Katsina, aka fitar da ɗaruruwa. Aka sake komawa Rigasa, wannan karon gwamnan Kaduna na lokacin, Nasir El-Rufai, da kansa ya je, aka fito da mutum 147, har da mata. Sai Zariya, sai Ilorin inda aka sami 108, sai Ibadan a watan Nuwamba inda aka sami 259. Cikin 'yan makonni adadin ya tasam ma 1,500. Fadar shugaban ƙasa ta fitar da sanarwa cewa gwamnati ba za ta lamunci ɗakunan azaba da sunan gyaran hali ba, gwamnatin Kano kuma ta ba da umarnin rufe gidajen mari na jihar.

Hotunan sun zaga duniya, kowa ya tsine wa masu gidajen, kuma sun cancanci fiye da haka. Amma akwai abu ɗaya da aka bi ta kansa da sauri, wanda shi ne ya hana ni sakewa tun ranar: waɗannan bayin Allah ba sato su aka yi ba. Iyayensu ne suka kai su, ko yayye, ko kawunnai, kuma kuɗi suke biya. Wasu daga Burkina Faso da Mali aka niƙo gari aka kawo su. Lokacin da ake fitar da su, akwai iyayen da suka fito suna kare gidan, suna cewa an rufe musu wurin da ya rufa musu asiri.

Dole a faɗi gaskiya a nan, ba duk wanda ke cikin gidan Rigasa ne mai taɓin hankali ba. Akwai wanda aka kai don karatu zalla. Akwai wanda aka kai don ya ƙi jin magana, ko ya fara ɗauke-ɗauke, ko ya faɗa shaye-shaye. Wannan na ƙarshe ba ƙaramar matsala ba ce a lokacin: binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya fitar a farkon 2019 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka sha wata ƙwaya cikin shekara guda, kuma a 2018 ne gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. To amma a gidan mari ba mai tantance wane ne wane. Mai shan tiramol, da yaro mai rawar kai, da wanda yake jin muryoyi a kunnensa, da wanda ciwon damuwa ya hana shi tashi daga shimfiɗa, duk sunansu ɗaya, kangararru, kuma maganinsu ɗaya, mari da bulala. A watan Nuwamba na wannan shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton ziyarar da ta kai wurare 28 a jihohi 8 da Abuja, waɗanda ake kai masu taɓin hankali. A 27 daga ciki ta tarar da mutane a ɗaure. Mafi ƙanƙanta yaro ne ɗan shekara 10, mafi tsufa dattijo ɗan shekara 86.

Na san yadda ake yanke shawarar kai mutum irin wannan wuri, domin na taɓa zama a ɗakin da aka yanke ta.

Shekara uku ke nan kafin Rigasa. Ɗan baffana ne, ƙanena, yana aji biyu a jami'a, yaro mai natsuwa wanda ko sigari ba a taɓa ganinsa da ita ba. Abin ya fara da rashin barci. Sai ya daina shiga aji, ya daina wanka, ya tattaro kayansa ya dawo gida ana tsakiyar karatu, ya ce abokan ɗakinsa suna barbaɗa masa abu a abinci. Bayan mako biyu ya liƙe tagar ɗakinsa da tsofaffin jaridu, ya ce masu karanta labarai a rediyo da shi suke. Ranar da ya fasa talabijin ɗin falo, Baffa ya aika aka kira mu bayan sallar isha'i.

Mu biyar ne, an tura ƙofa, an kori yara. Ni ne ƙarami a cikinsu, kuma ni kaɗai na ambaci asibiti. Gwaggo ba ta bari na rufe baki ba. Ta juya wajen Baffa ta ce, "Yaya, ka ji abin da yaron nan yake faɗa? Bikin ƙanwarsa saura wata biyu, an riga an kawo lefe. Yau ka kai shi Dawanau, gobe kafin azahar magana ta isa gidan surukai. Kuma bayanta akwai 'yan mata uku a gidan nan, su wa zai ɗauka?" Baffa ya daɗe yana jan carbi bai ce uffan ba. Can ya dube ni ya ce, "Ɗana, ba ƙin maganarka na yi ba. Amma wanda aka rubuta sunansa a can, an rubuta ke nan har abada."

Kafin kiran assalatu muka sa shi a mota, aka ce masa wani malami za mu je gaisarwa. Ni na zauna kusa da shi a baya, hannuna a kan nasa. Tafiyar awa uku ce. Mun tarar da zaure a share, alluna a jingine, yara na ta karatu. Malamin ya tarbe mu da fara'a, ya dubi yaron sau ɗaya ya ce shafar aljanu ce, wata uku zai dawo garau. Baffa ya biya kuɗin wata uku, ya bar buhun masara. Ban ga mari ba a ranar. Amma kuma ban ce a nuna mini inda zai kwana ba, kuma wannan tambayar da ban yi ba tana ci mini rai har yau.

Aka yi biki lafiya. Duk wanda ya tambayi ina yayan amarya, sai a ce ya tafi karatu. Wata uku suka zama takwas. Mahaifiyarsa ce ta matsa aka kai ta, ta gan shi, ta dawo ta ce wa Baffa ko a ɗauko mata ɗanta ko ita ta bar gidan. Ya dawo a rame, idon sawunsa biyu da gyambo inda ƙarfe ya ci, muryoyin da yake ji suna nan ba su je ko'ina ba, ga kuma wani sabon abu: da zarar wani ya ɗaga hannu kusa da shi, ko da ƙuda zai kora, sai ya kare fuskarsa. Sai a lokacin aka kai shi asibiti, shi ma a wani gari daban don kada a haɗu da idon sani. Likita ya ce cutar da ake kira sikizofiriniya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kama kusan mutum 1 cikin 300, kuma ta fi fara bayyana daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da wani abu, wato daidai shekarunsa. Aka ɗora shi kan allura ɗaya duk wata. Kafin wata biyu ya fara barci, ya cire jaridun da hannunsa. Likitan ya gaya mana a fili cewa yawan jinkiri kafin fara magani yana rage yadda mai irin wannan ciwo yake murmurewa. Wata takwas muka ci masa.

Baffa ba mugu ba ne, Gwaggo ma haka. Sun san hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Abin da suka yi lissafi ne, kuma a inda muke zaune lissafin nasu ba na banza ba ne. Shi ya sa nake ganin rubutun nan na jikin ginin Rigasa, kalmar makaranta, shi ne babban abin da ake sayarwa a wurin. Uban da ya kai ɗansa gidan mari zai iya zama a majalisa ya ce "ya tafi karatu", a ce masa Allah Ya ba da ilmi mai amfani. Uban da ya kai ɗansa asibitin ƙwaƙwalwa ba shi da abin da zai faɗa a majalisa. Sunayen asibitocin kansu sun zama zagi. A Kano in mutum ya yi abin da ba a gane ba sai a ce a kai shi Dawanau, ko da yake a Dawanau ɗin nan ce babbar kasuwar hatsin da muke taƙama da ita. A Sakkwato Kware ce, a Kaduna Barnawa, a ƙasar Yarbawa Aro da Yaba. Yaro tun yana firamare yake koyon cewa waɗannan wurare ne da ake tsokanar mutum da su.

Kuma gorin ba ya tsayawa kan mara lafiya. A wurinmu aure ba ya ɗauruwa sai an yi bincike, an tura dattawa unguwa su ji asalin gida. Cikin abubuwan da ake kasa kunne a ji akwai hauka, da farfaɗiya, da kuturta. Da zarar wani maƙwabci ya rage murya ya ce "gidan dai ba laifi, sai dai akwai wani yayanta da ba shi da lafiya, ka gane ai", magana ta ƙare. Ba za a zo a tambayi wace irin cuta ce ba, ko tana jin magani, ko ya warke. Za a daina zuwa ne kawai. Ciwon mutum ɗaya ya zama tabon zuri'a guda, kuma mata ne suka fi biyan kuɗinsa.

In aka lura, bayanai uku muke da su game da taɓin hankali, kuma kowanne da inda yake sauke laifi. In aka ce ƙwaya ce, laifin na yaro ne da iyayen da suka kasa tarbiyya. In aka ce gado ne, laifin na jini ne, ya shafi kowa har da waɗanda ba a haifa ba. In aka ce aljanu ne, ko sammu, ko jifa, to laifin yana waje: an zalunci gidan ne, ba mai gudun 'ya'yansu, har jaje za a zo yi musu. Iyalin da ke cikin tsaka mai wuya, ba sai an gaya musu wanne za su riƙe ba. Asibiti kuwa, da tambayoyinsa na "akwai wanda ya taɓa yin irin wannan a danginku?", yana tura su wajen bayanin da suka fi tsoro.

Wani bincike da likitoci daga Kano suka yi a ƙauyen Karfi, aka wallafa a 2004, ya nuna wannan hoton da alƙaluma. Sun tambayi manya 250. Game da abin da ke jawo taɓin hankali, kashi 34 cikin 100 suka ce shaye-shaye, kusan kashi 19 suka ce fushin Allah ko nufinSa, kashi 18 suka ce asiri ko aljanu. Kusan rabinsu sun nuna ƙyama ko tsoron masu ciwon. Abin da ya fi jan hankalina shi ne alamomin da suka lissafa: faɗa da ɓarna, yawan surutu, baƙin hali, da yawon titi. Wato in an ce mai taɓin hankali, hoton da ke zuwa a zuciya shi ne na mutumin nan mai tsumma a bakin juji, wanda yara ke bi da jifa. Babu matsakaici. Matar da ta haihu ta kasa ɗaukar jaririnta tana kuka dare da rana, ba ta cikin lissafin, ita rashin tawakkali ke damunta, ko son jiki. Magidancin da ya daina fita kasuwa ya daina magana, shi kuma zuciyarsa ce ta mutu. Ranar da likita ya ce wa ɗayansu ciwon nan na ƙwaƙwalwa ne, sai ya ji kamar an jefa shi bakin jujin nan, ya ce Allah Ya kiyaye, shi ba mahaukaci ba ne, ya daina zuwa.

Haɗa ciwon da ƙwaya kuma shi ne ya halasta bulala. In an yarda mutum shi ya ja wa kansa, to horo ya kamace shi, ba jinya ba. Ƙanena bai taɓa shan komai ba, amma a gidan da muka kai shi duka ɗaya ake yi musu shi da masu sha, shi ana cewa aljanin ake duka, su ana cewa taurin kan ake cirewa. Fatar dai ta mutum ce take fashewa.

Ni Musulmi ne, na yarda da addu'a, na yarda da ruƙiyya ta shari'a, kuma har gobe Inna, mahaifiyar ƙanen nawa, tana tofa wa ɗanta ayoyi a ruwa yana sha, ba likitan da ya hana. Amma ban san inda addini ya ce a sa wa mara lafiya mari ba. Abin da na sani shi ne hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Wanda Mahalicci bai rubuta masa zunubi ba, mu muke yanke masa hukunci da dorina. Ga kuma hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta. A ƙarni na 13, asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira yana da sashe na masu taɓin hankali, Musulmi suka gina, Musulmi suke jinya a ciki. Kai mara lafiyar ƙwaƙwalwa asibiti ba baƙon abu ba ne a tarihinmu.

To amma in za a yi adalci ga iyayen Rigasa, sai a dubi asibitin da ake cewa su je. A 2019 asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya 8 ne a duk ƙasar, 3 kacal a Arewa: Kaduna, Kware da Maiduguri. Ƙwararrun likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba, ga al'umma kimanin miliyan 200, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Tun 1991 manufar gwamnati ta ce a sa kula da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan asibitocin matakin farko, amma mutumin ƙauye da ya je ɗakin shan magani na garinsu da ɗa mai sambatu, da wuya ya sami wanda zai duba shi. Gidan malam kuwa yana nan kusa, yana karɓar mutum ko da tsakar dare, kuma yana riƙe shi. Iyalin da suka yi sati uku ba su runtsa ba, suna gadin wuƙaƙen kicin, wannan riƙewar ita suke nema.

Tsoron da Baffa ya yi na rubuta suna shi ma yana da tushe. Gidajen mahaukata na farko da Turawan mulkin mallaka suka buɗe, irin na Yaba da aka fara a 1907 cikin wani tsohon ginin hukumar jirgin ƙasa, wuraren tsarewa ne, ba na warkarwa ba. Dokar da suka kafa a 1916, aka yi mata kwaskwarima a 1958, magana take yi kan yadda za a kama mutum a kulle, ba ta damu da haƙƙinsa ba, kuma ita ce take aiki a ranar da aka fasa gidan Rigasa. Rahoton nan na Human Rights Watch bai tsaya kan gidajen malamai da coci-coci da masu maganin gargajiya ba, ya sami mutane a ɗaure har a asibitoci da cibiyoyin gwamnati. Mutanenmu sun daɗe suna ganin wanda ya shiga irin waɗannan wurare ba ya fitowa da mutuncinsa.

Akwai kuma wani abu da likitoci suka sani, wanda ba a cika yi wa iyali bayaninsa ba. Tsofaffin magunguna masu araha, irin su kulofiromazin da halofiridol, sukan sa jiki ya sandare, hannu ya riƙa karkarwa, miyau ya riƙa zuba, tafiya ta zama a hankali. Ana iya rage wannan ta hanyar daidaita adadin magani, ko ƙara wani, ko canzawa zuwa sabbin magunguna in da kuɗi. Amma in ba a faɗa wa uwa ba, ta ga ɗanta ya dawo yana dalalar da miyau, abin da za ta gaya wa maƙwabta shi ne maganin asibiti mayar da mutum dolo yake yi. Sai a daina ba shi, ciwo ya dawo da ƙarfinsa, a ce ai dama an faɗa, wannan ba ciwon asibiti ba ne.

Abin takaicin shi ne a ƙasar nan aka taɓa nuna wa duniya wata hanya. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda ake saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye, kowanne da ɗan'uwansa ɗaya yana kula da shi, su je asibiti da rana su koma cikin jama'a da yamma. Har masu maganin gargajiya ya jawo jiki suka yi aiki tare. Mutanen ƙauyen suka saba da ganin mai taɓin hankali yana zuwa kasuwa, yana warkewa, yana komawa gida. Lambo ya kai matsayin mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Shekara 65 bayan fara tsarinsa, ana fitar da yara da ƙarfen taya a ƙafa.

Bayan an gama ɗaukar hotuna a sansanin alhazai, mafi yawan waɗanda aka ceto an miƙa su ne ga iyalansu, wato ga mutanen da suka kai su tun farko, da matsalar da ta sa aka kai su, da kunyar da ta sa aka ɓoye su, sai ma ƙarin cewa yanzu duniya ta ga fuskokinsu. An kashe maciji ba a sare kansa ba. A watan Agusta na 2020 aka shiga ganin wani nau'in abin a Kano: an fito da wani matashi da aka ce ya shekara 7 a kulle cikin garejin gidansu, aka kuma fito da wani dattijo da aka ce ya shekara 30 a ɗaure a wani ɗaki saboda taɓin hankali. Waɗannan ba malami ba ne ya tsare su. A gida ne, a tsakiyar unguwa, maƙwabta na wucewa zuwa masallaci sau biyar a rana. Ba zai yiwu a ce ba wanda ya taɓa jin motsi ba. An ji, an yi shiru, domin a wurinmu tambayar maƙwabci ina ɗansa mara lafiya tona asiri ne.

A watan Janairu na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958. Ta amince cewa mai wannan ciwo yana da haƙƙi, ta hana a nuna masa bambanci wajen aiki da muhalli da jinya, ta sa iyaka kan yadda za a tsare shi, ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya da asusun kuɗi. Ci gaba ne na gaske, kuma waɗanda suka yi shekaru suna fafutuka a kai sun cancanci yabo. Sai dai babu sashen dokar da ya isa ɗakin Baffa bayan isha'i, ko ya shiga tsakanin dattawa biyu da ke magana ƙasa-ƙasa a ƙofar masallaci kan gidan da za a nemi aure.

Ƙanena yanzu yana da shagon gyaran waya, da yara biyu da yake koya wa aiki. Bai koma jami'a ba. Yana karɓar allurarsa duk wata, har yanzu a wancan garin, yana fita da sassafe a ce ya je sarin kaya. Katin asibitinsa a wurina yake ajiyewa, ba ya kai shi gida. Ko a tsakiyar bazara ba ya rabuwa da safa, saboda tabon idon sawu.

Bara ya ga yarinya, suka daidaita, iyayenta suka turo bincike. Kawunta ne ya same ni bayan sallar la'asar, muka gaisa, ya ce, "Malam, an ce kai ne ɗan'uwansa na kusa. Tsakaninka da Allah, akwai abin da ya kamata mu sani?" Tun kafin ranar na tambayi ƙanena abin da zan ce in an zo, ya ce, "Yaya, ka faɗa musu. Na gaji da ɓoyo." Sai na faɗa. Na ce ya yi ciwon ƙwaƙwalwa, yana kan magani, ya yi shekaru bai tashi ba, yana riƙe da kansa da sana'arsa, in suna so ma za a haɗa su da likitansa su yi tambaya. Dattijon ya saurare ni har na gama, ya yi godiya, ya ce na cika ɗan halak, za su yi shawara.

Ba su dawo ba. Gwaggo ta yi wata huɗu ba ta amsa gaisuwata, ta aiko a gaya mini cewa na tona asirin gida, kuma ga abin da take gudu tun farko ya faru. A shagonsa kuwa, da na je ba shi haƙuri, ya ɗago kai daga wayar da yake kwancewa ya ce in wasu suka sake zuwa, in sake faɗa musu.